Yadda Za Ka Yi Suna a Gyaran Agogo Ba Tare da Ka Gyara Ko Ɗaya Ba

Kai mai karatu, idan kana son a riƙa nuna ka a unguwa ana cewa ga mai hannun gyaran agogo, ka zo wurin da ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sunanka zai zagaya dangi kaf. Maƙwabcina Akawu ya bi su a gabana, kuma yau har gaisuwa ake aiko masa.

1. Sayi kayan aiki kafin ka san amfaninsu

Nemi hantsaki, da ƙananan sukuddireba, da gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Gilashin shi ne rabin ilimin. Da Akawu ya fara maƙala nasa bai ga komai ba sai gashin idonsa, amma matarsa da ta shigo da shayi sai da ta rage murya.

Shimfiɗa farin tsumma a kan teburin cin abinci, ka kore yara. Duk wanda ya yi magana ka ɗaga masa hannu ba tare da ka ɗago kai ba.

2. Kada ka fara da agogonka

Naka kana bukatarsa don zuwa aiki. Fara da na wanda ba zai iya kai ka ƙara ba. Akawu ya fara da na matarsa, wanda maɗaurinsa kawai ya tsinke. Ya buɗe bayansa don ya duba lafiyarsa gaba ɗaya, ya rufe, sukuru ya yi saura a kan tsumma.

Ta ce, “Baban yara, wannan fa na ina ne?”

Ya ce, “Ƙari ne. Kamfani ke sakawa don nauyi.”

Haddace wannan amsar, za ka bukace ta sau da yawa. Agogon bai sake motsi ba, sai ya ce mata dama ciwon ya daɗe a jikinsa, Allah ne ya sa aka gano da wuri.

3. Koyi girgiza kai

Kowa ya miƙo maka agogo, kara shi a kunne, ka lumshe ido, ka girgiza kai a hankali, sannan ka tambaya, “Wa ya taɓa buɗe shi?” Kowace amsa aka ba ka, ka ce, “Shi ya sa.”

4. Karɓi babban aiki da hannu biyu

Ranar za ta zo. Ta Akawu ta zo ne da surukinsa ya kawo ziyara. Tsohon ya tarar da kayan aiki baje a tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance agogon hannunsa, irin na da wanda ake murɗawa kowace safiya, ba ya cin batir.

Ya ce, “Ɗana, marigayiya ce ta saya mini, uwar matarka. Ban taɓa bari wani ya buɗe shi ba. Kwanan nan yana ɗan jan ƙafa, ya sa ina makara wajen shan magani. Tunda gwani na gida, duba mini.”

Mai hankali zai ce wannan ya fi ƙarfinsa. Kai ba wannan ka zo koya ba. Rusuna ka ce, “An gama, Baba.”

5. In wani abu ya yi tsalle, kada ka yi ihu

A cikin irin wannan agogon akwai wani sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe siriri kamar gashi. Akawu ya taɓa shi da hantsaki don su gaisa, ya ji “tis”, bai sake ganinsa ba. Ya kira ni. Muka yi rarrafe a falo, muka ɗaga kujeru, muka kakkaɓe darduma. Mun samu ɗan kunnen da ya daɗe da ɓata da murfin biro, sifirin kuwa ko ƙamshinsa.

Matarsa ta leƙo daga kicin. “Lafiya kuke rarrafe?”

Na ce, “Motsa jiki ne, uwargida. Likitoci sun ce yana gyara baya.”

Akawu ya zauna a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. “Malam, in Baba ya ji, da wane ido zan dube shi?”

6. Abin da ba ka iya gyarawa ba, sabunta shi

Nan ne gwaninta take. Shiga kasuwa ka sayi agogon batir mafi araha, ka kwashe kayan cikinsa ka dasa a gidan tsohon agogon. Inda bai zauna ba ka cusa takarda. Fuska ta Baba, hannaye na Baba, maɗauri na Baba. Wa ke leƙa ciki?

Tsofaffin kayan cikin kuwa ka ɓoye su da kyau. Akawu ya zuba nasa a kofin shayi ya tura bayan kabad, wurin da matarsa ke sharewa kowane mako. Washegari ya dawo daga ofis ya tarar da kofin a tsakiyar tebur, ita kuma tana zaune ta harɗe hannu.

“Su ma ƙari ne?”



Ta ce, “Ba zan faɗa wa Baba ba, hawan jininsa ba zai ɗauka ba. Amma daga gobe kai ne mai kai yara makaranta, kai ne mai wanke-wanke. Kofin nan yana wurina.”

Yarda nan take. Gwani ba ya jayayya da mai riƙe da kofi.

7. Miƙa aikinka da natsuwa

Tsohon ya karɓi agogonsa ya kara a kunne, yana saurare har Akawu ya fara neman ƙofa da ido.

“Muryarsa ta canza.”

“Wanka aka yi masa, Baba. Tsatsa ce ta sa yake waccan muryar.”

“Kuma ɗan hannun nan tsalle yake yi yanzu, a da tafiya yake.”

“Ƙarfi ne ya dawo masa.”

Baba ya ɗaura shi, ya shafa gilashin da babban yatsa, idonsa ya kawo ruwa. “Da tana nan da ta sa maka albarka.”

Tun daga ranar agogon bai ƙara makara ba. Kowace safiya tsohon na murɗa shi kamar yadda ya saba, yana mamakin yadda murɗin ba ya cika. Ya ba abokansa ’yan fansho labari, sai ga su sun aiko da jaka guda ta agogunan murɗawa, kowanne da tarihinsa. Akawu ya karɓa da hannu biyu, matarsa na tsaye a bayansa tana murmushi.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko ɓacewar sifirin, ko tsamin dangantaka, ko kaushin hannu saboda sabulu. Ka kuma sani cewa batir na ƙarewa. Ranar da agogon da ba ya cin batir ya tsaya, surukinka ya kai shi kasuwa aka buɗe a gabansa, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni lokaci a waya nake dubawa.