Yadda Za Ka Musanya Shanun Huɗa da Babur Mai Ƙafa Huɗu

Ka gaji da bin bayan shanu? Kana so ka tafi farauta a zaune, ka dawo a zaune, gona ma ka je mata kamar mai rangadi? To ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai ba tsallake, kafin kaka ta zagayo babu wanda bai san sunanka ba daga Gwiwa har Roni. Kada ka yi shakkar ilimina a kan babur mai ƙafa huɗu, wanda ake cewa ba ya tsoron dutse, ba ya tsoron taɓo. Gaskiya ban taɓa hawansa ba, amma na tura shi sau goma sha ɗaya, kuma mai turi ya fi mai tuƙi sanin halin abu.

Malaminmu a wannan darasi shi ne maƙwabcina Maikasuwa, manomi kuma ɗan farautar ranar Asabar. Gonar dawarsa tana bayan dutse, ƙetaren rafi, kuma ita ke ciyar da gidansa shekara cur. Ka riƙe gonar nan a ranka, za mu koma mata.

Mataki na 1: Ka raina abin da ke hannunka

Ba a sayen sabon abu da zuciya mai godiya. Ka fita bakin turke da safe, ka ƙura wa shanunka ido har sai ka ga aibinsu. Maikasuwa yana da bijimai biyu, Jatau da Duna. Shekara shida suna yi masa huɗa da damina, suna ja masa amalanke da kaka, bai taɓa ganin laifinsu ba sai ranar da ya ga wani Bature a waya yana tsallake kwari a kan babur mai ƙafa huɗu, bindiga a baya, barewa a gaba. Daga ranar ya lura shanun nan ba su da fitila, ba su da oda, ga yawan kashi.

Ya sayar da su ga Baba Sheriff, dattijon da ke ƙarshen layinmu, har da karkiya da amalanke. Baba Sheriff ya ce, "Maikasuwa, ka yi shawara da gida kuwa?"

Ya ce, "Baba, zamani ya wuce ku. Ku dai ci gaba da bin wutsiya."

Ka haddace wannan amsa, ka faɗe ta a gaban jama'a. Ita ce za ta nauyaya maka ƙafa ranar da za ka koma ƙofar gidan mutumin.

Mataki na 2: Ka zaɓa da ido da kunne

Abu uku ake dubawa. Launi ya zama ja, don a hango ka daga nesa. Taya ta zama mai kumatu. Ƙara kuwa, in ka tayar da shi a Kazaure awakin Yankwashi ba su ɗaga kai ba, ka bar shi, ba lafiyayye ba ne.

Akwai tambayoyin da ba a yi, domin suna zubar da girman mai saye. Kada ka tambayi inda ake sayar da kayan gyaransa. Kada ka tambayi abin da ya sa duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ne irinsa. Maikasuwa ya kusa yin wannan kuskure a wurin Musaddiƙ, dillalin da ya kawo abin daga Kwatano.

"In ya lalace fa?"

"Alhaji, ai wannan ba ya lalacewa. Tayarsa ma ba ta san ƙaya ba."

Maikasuwa bai je Makka ba, amma wannan Alhajin da aka kira shi ya rufe ciniki. Aka ɗaura masa 'yar tirela a baya, aka gwada abin a kan kwalta, sumul. Nan ne wurin gwaji. Wanda ya gwada abin hawan daji a daji ya nuna bai yarda da mutane ba.

Mataki na 3: Kada ka auna komai

Awo aikin tela ne. Sai da Maikasuwa ya iso gida, rabin gari na biye da shi, sannan ya gane ƙofar zaurensa ta fi abin ƙanƙanta da taƙi biyu. Zauren nan mahaifinsa ne ya gina shi da hannunsa. Kafin la'asar an fasa gefe ɗaya, an tumɓuke turken shanu, an kafa rumfar kwano a wurin.

Matarsa Hafsatu ta leƙo, ta zagaya abin sau ɗaya, ta ce, "Malam, wannan kwaɗon ƙarfen me yake ci?"

"Fetur."

"A wace gonar muke shuka shi?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Ka ce mata mata ba su san inji ba, ka ɗauki tsumma ka hau goge fitila.

Mataki na 4: Ka kai shi farauta

Al'adar farautarmu sananniya ce. Ana fita da hantsi, a jeru, a ratsa daji da karnuka da gora, kuma naman na wanda karensa ya fara kamawa ne ko sandarsa ta fara samu. Ka ga ke nan sirrin abin shi ne mutum ya kusanci zomo kafin zomo ya sani.

Maikasuwa ya iso da ƙara irin ta injin niƙa. Duk zomon da ke tsakanin dutsen nan da iyakar Roni ya ji labarinsa tun yana bakin gari. Ya kutsa gaba, namun daji suka watse hagu da dama, kai tsaye cikin bakin karnukan mutane. Ranar kowa ya rataya nama, har da wani tsoho da rabonsa da kamu tun zamanin sulalla. Maikasuwa ya dawo da ƙaya huɗu, ɗaya a kowace tayar da ba ta san ƙaya ba. Karensa kuwa tun ƙarar farko ya koma gida.

Sarkin farauta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Maikasuwa, don Allah kada ka ƙara fashin Asabar. Ba mu taɓa samun mai kora irinka ba."

Ka ɗauki wannan a matsayin yabo. Shi ma haka ya ɗauka, har Asabar ta huɗu.

Mataki na 5: Ka ɗaura masa garma

Da damina ta sauka, ka nuna wa masu shanu yadda ake huɗa. Ka ɗaure garma a bayan babur da igiya, ka samo maƙwabci mai sauƙin kai ya riƙe ta. Ni na riƙe. Abin da nake iya tunawa shi ne na ga gabas, na ga yamma, sannan na ga sama. Kunyar da muka fitar ta yi kama da sawun maciji, dawar da ta fara tsiro kuwa taya ta mayar da ita inda ta fito.

Baba Sheriff yana ƙetare yana huɗa da Jatau da Duna, layi miƙe kamar an ja da zare. Kalma ɗaya ta isa ya zo ya taimaka, amma girman kai ya hana Maikasuwa furta ta. Ya ɗauki garmar hannu ya yi mako uku a sunkuye, har tafiyarsa ta sauya. Allah mai jinƙai, dawar ta yi kyau duk da haka.

Mataki na 6: Ka ƙulla zumunci da bakanike

Za ka fi ganinsa a kan 'yan'uwanka. Zai buɗe inji ya yi tsaki, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, sannan ya sa masa kayan injin ban-ruwa. Kada ka damu in abin ya tashi ranar Litinin ya ƙi ranar Talata. Ko mutum ai yana da ranar hutu.

Mataki na 7: Ka bar kwasar dawa sai ranar ƙarshe

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan maganar masu shanu ce. Kowace kaka dagaci yakan sa a yi shela, a faɗi ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki, kuma daga wannan lokaci duk abin da aka ci maka kai ka bayar. Bana aka ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mutane suka yi ta jigila tun farkon mako. Maikasuwa ya ce shi wuni ɗaya ya ishe shi, ya bari sai Alhamis.

Ya lafta damman dawa a tirela, ya danno rafi. Rafin ba ruwa, yashi ne zalla. Tayoyi huɗu suka haƙa rami huɗu, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Wannan shi ne turi na goma sha ɗaya, kuma ko motsi bai yi ba. Bakanike ya zo ya duba, ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga Legas, mako biyu in an yi sa'a.

A nan tsoro ya kama Maikasuwa na gaske. Abincin shekara yana zube a gona, garken shanu kuwa har sun taru a gefen gari suna jiran gobe. Ya tafi ƙofar gidan Baba Sheriff, ya yi sallama da muryar da ni ma ban san yana da ita ba, ya tsuguna.

Baba Sheriff bai tuna masa komai ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Yau sun gaji. Gobe da sassafe zan kawo su, abin da suka iya kafin salla shi ne rabonka."

Jatau da Duna suka yi sawu biyar, suna raɓa babur ɗin a cikin rafi ko kallonsa ba sa yi. Da rana ta kusa tsaka, saura dami goma sha biyu a gona, lokaci kuma na sawu ɗaya ne. Baba Sheriff ya ce, "To, dawa ko ƙarfe?"

Ga inda ake gane wanda ya fahimci darasi. Maikasuwa ya dubi dawa, ya dubi jan babur a tsakiyar hanyar da duk makiyayi zai bi ya gani ya yi dariya. Ya ce, "Baba, a rufa min asiri, a ja ƙarfen."

Aka ɗaure shi a bayan amalanke, Maikasuwa ya hau yana riƙe da kan babur. Yashi ya ci lokaci fiye da yadda aka zata, don haka suka shigo gari daidai ana fitowa daga masallaci. Sallar ta wuce shi, jama'a ba su wuce shi ba. Asirin da ya sayar da dami goma sha biyu don ya rufe, sahu-sahu aka tsaya ana kallonsa, yayin da shanun makiyaya ke gangarawa bayan dutse.

Babu wanda ya karkata akalar bijiman. Da kansu suka karyo kwana zuwa layinmu, da kansu suka tsaya a ƙofar zauren da aka fasa. Duna ya miƙa wuya yana shinshinar wurin da turkensa yake a da, ya tarar da rumfar kwano. Maikasuwa ya sauko ya ce, "Baba, me zan ba ka na lada?"

"Ladan me? Ai abincin gidansu suka kawo."

Sai da Baba Sheriff ya ɗaga sanda sannan suka yarda suka bar ƙofar. Maikasuwa ya tsaya yana kallonsu har suka shige. Na shekara ina yi masa dariya, ranar ban iya ba.

Babur ɗin yana nan a rumfarsa, kuma a ƙarshe ya sami aikin gona. Hafsatu tana shanya kuɓewa a kansa, kaza tana ƙwai a ƙarƙashinsa.

A kula

Mai wannan jagora ba shi da hannu a zauren da aka fasa, ko ƙugun da ya riƙe, ko rumbun da zai ƙare kafin ruwa ya sauka. Alkawarina suna ne, kuma na cika. Kome ya sami shamuwa watan bakwai ne ya ja mata. In ka bi matakan nan har ƙarshe, kada ka zo ƙofata neman turi, na yi ritaya. Ka wuce ƙarshen layi wurin Baba Sheriff, ka yi sallama a hankali, kuma in an fito da shanun kada ka bari ku haɗa ido.