Makirufo a Kan Hular Baba

Jama'a, ku taya ni jaje ko ku taya ni murna, duk wanda ya fi muku sauƙi. A makon nan na wayi gari ina bin ƙofofin maƙwabta, da furfurata da komai, ina roƙon abin da ban taɓa jin magidanci ya roƙa ba. Shiru nake nema, na ɗan lokacin da bai wuce a shanye kofin shayi ba. Kuma wallahi ban samu ba.

Mai injin niƙan da ke manne da katangarmu na fara tunkara. Sai da na kafa baki a kunnensa kafin ya san da mutum a wurin.

"Maƙwabci, don Allah ka ɗan kashe injin nan."

"Subhanallahi! Rasuwa aka yi?"

"A'a, lafiya lau. Na'urata ce take son ta auna falo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya kaɗe garin da ya yi masa fari a gemu, ya ce, "Malam marubuci, rabonmu da wuta tun shekaranjiya. Yanzu da aka kawo ta kake so in kashe inji don rediyonka ya samu damar yin tunani? Ka je gida ka kwanta, rana ce ta buge ka."

Ban ga laifinsa ba. Amma bari in gaya muku yadda aka yi na zama abin dariya a layinmu.

Mahaifina yana zaune tare da mu. Tsohon direban babbar mota ne, kuma ƙarar injin da ya ciyar da mu ita ta cinye masa kunne. Da can idan Baba yana falo ba mai samun wurin sa baki. Sai ji ya fara ja baya. Ya koma yin murmushi a inda ba a yi abin dariya ba, yana gyaɗa kai ga tambayar da ke neman amsa. Daga baya ya daina fitowa gaba ɗaya, ya ce ɗakinsa ya fi iska, alhali kowa ya san ɗakin nan tanda ne. Na kawo masa ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne, ya ce shi ba zai sa ƙwaro a kunnensa da ransa ba. Abin yana ci min rai, ba na ɓoye muku. Uba yana cikin gidanka amma sai ka ce ya yi tafiya.

Wannan ne ya kai ni wurin mai shagon kayan lantarki, mutum mai zaƙin baki kamar ɗan takara. Ya nuna min wata baƙar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai nauyin buhun siminti, ya ce irin ta gidan sinima ce. Uwa ce mai 'ya'ya: lasifika biyu a gaba, biyu a bayan mai kallo, ɗaya a tsakiya wadda aikinta fito da muryar mai magana, sai wata ƙatuwa da ake ajiyewa a ƙasa don gurnani kawai.

"Alhaji," in ji shi, ni da ban taɓa ganin cikin jirgi ba, "wannan ko dutse ka zaunar a gabanta sai ya ji labarai."

Na kawo ta gida. Matata ta janye keken ɗinkinta daga kusurwar falo ba don tana so ba, sai don an ce saboda Baba ne. Da na juya bayan na'urar na ga ramukan sa waya sun fi na rariya yawa, kowanne da sunansa, ba wanda na sani. Rimot ɗin kuwa duk wanda ya tsara shi na rantse ya taɓa aiki a ofishin gwamnati. Ka danna maɓalli kana neman ƙarin murya, ya tura ka wani shafi. Can a ce ba nan ba ne, ka koma inda ka fito. Ka koma, ka tarar an rufe. Abin da ya rage kawai shi ne ya rubuto min cewa oga ba ya nan, in dawo gobe.

Da ƙyar da gumi na haɗa, muka zaunar da Baba, na sa fim. Mota ta fashe a talabijin, kwanukan matata suka amsa daga cikin kabad. Wani tsuntsu ya yi kuka a bayan kujera, har ƙaramar 'yarmu ta tafi neman sa da tsintsiya. Amma da mutanen fim ɗin suka buɗe baki, sai ka ce daga cikin rijiya suke magana, ni mai kunne biyu ma sai da na karkata kai. Baba ya ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa, ya dubi taga ya ce, "Hadari ne ya taso? A kwashe shanya." Ya tashi ya koma ɗakinsa.

Matata ta ce, "Baban yara, ka kori kekena ne don ka kawo mana tsawa cikin gida?"

Na kira mai shago a fusace. Ya yi dariya ya ce ai ban saita ta ba. In duba cikin kwali, akwai wani ɗan makirufo mai doguwar waya. In ajiye shi daidai inda kunnen mai sauraro zai kasance, in danna maɓalli, na'urar za ta yi ta fito da wasu sautuka tana sauraren kanta, ta auna falon, ta ba kowace lasifika ƙarfin da ya dace da ita. Sharaɗi ɗaya ne: a yi tsit har ta gama.

To, a nan aka zo wurin. Wanda ya ƙera na'urar nan ya ɗauka akwai inda ake samun wuta da shiru a lokaci guda. A unguwarmu waɗannan biyun ba sa ga maciji. In aka kawo wuta, yara su kaure da ihu, mai niƙa ya tayar da inji, mai walda ya hau yankan ƙarfe, kowane gida ya kunna famfon jan ruwa da kiɗan da ya yi kewa. In aka ɗauke, janareto su karɓi aiki daga kowace kusurwa, har da nawa ɗan ƙarami mai tarin tsofaffi. Duk lokacin da na gwada, na'urar ta rubuto min a talabijin cikin ladabi cewa hayaniya ta yi yawa, in sake. Na sake har na fara gaishe ta da safe. Abin da ya fitar da ni bin gidaje ke nan, na dawo da kunya.

Washegari sai ga motoci cike da fenti. Ashe Mai Girma Mai Almakashi ne zai zo buɗe kwalbatin bakin layinmu. Ku da ba ku san kwalbatin nan ba, ku sani tana da tarihi. Wanda ya riga shi hawa kujera ya buɗe ta, wanda ya riga wancan ma ya buɗe ta, kuma duk damina ruwa yana bi ta gefenta ya shigo mana ɗaki ya gaishe mu. Ban san ƙofar da aka buɗe sau da yawa kamar kwalbatin nan ba. Aka shafe ta da fari, aka shafe duwatsun gefen hanya, aka sauke tukwanen furanni daga bayan mota, aka kori awakin da suka fi kowa amfana da aikin. Wuta kuwa ta zo ta zauna daram, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ranar taro da sassafe wasu ƙarti masu baƙin tabarau suka bi layi suna ba da umarni: ba niƙa, ba walda, ba kiɗa, kada a dami kunnen Mai Girma. Aka kwashe 'yan makaranta, har da nawa, aka jera su da tutoci. Manya aka tara su ƙarƙashin rumfa. Sannan aka shiga jira. Rana ta take, mai kiɗan taro ya gaji ya kwanta a kan gangarsa, Mai Girma bai iso ba. Na leƙa waje na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na tare a gidan nan: ba komai. Ga wuta, ga shiru.

Na ruga ciki ina kiran matata. Matsalar ita ce inda za a ɗora makirufon. Na tara matasan kai a kujerar Baba, suka zube. Na sa bokiti, ya yi gajere. Matata ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ba cewa aka yi daidai kunnen mai sauraro ba? To ga mai kunnen can a ɗaki, me ya sa kake wahalar da bokitina?"

Muka lallaɓo Baba da hannu da ido. Ya zauna, na ɗora masa makirufo a tsakiyar hula, waya ta sauko ta bayan wuyansa. Na sa yatsa a leɓe, ya gyaɗa kai, makirufo ya faɗo, na mayar. Muka kashe fanka, muka laɓe a bayan ƙofa, na danna.

Na'ura ta fara. Fiii daga hagu, fiii daga dama, shuuu daga baya, kamar ana kiran kaji a sabon yare. Baba yana zaune ƙiƙam, gumi yana bin goshinsa, shi bai ji komai ba. Saura lasifika ɗaya a gama, sai ya juyo, a ganinsa raɗa yake yi, ya daka wata tsawar da ta kai bakin titi: "AN GAMA?"

Hayaniya ta yi yawa, in ji talabijin. A sake.

A karo na biyu matata ce ta ɓata, don dariya ta ci ƙarfinta duk da ta cusa gefen mayafi a baki. Na kore ta kicin. A na uku Allah ya taimake ni, barci ya ɗauke Baba a zaune, kai a miƙe, irin barcin tsofaffin direbobi. Na tsaya ina addu'ar kada minshari ya riga na'ura. Ta zagaye falon, ƙatuwar ƙasa ta yi gurnaninta, sai ga rubutu cewa an kammala. Ban gama sauke numfashi ba jiniya ta cika unguwa.

Don haka a rubuta a ajiye: ni na amfana da gwamnati. Ba da kwalbati ba, da lattin Mai Girma. Da ya zo a kan lokaci da har yau ina bin gidaje. Allah ya ƙara wa ayarinsa nawa, ya sa duk inda za shi ya tsaya cin abinci a hanya.

Da na ba mai shago labari ya dafe kai ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa jin wanda ya auna falo da mutum a ƙarƙashin makirufo ba, wai jikin mutum yana rikita awon. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ga masu tambayata ko su saya, ga abin da na gani: a kujerar Baba murya tana fitowa tar, kamar mai maganar yana durƙushe a gabanka. Ka matsa taku ɗaya gefe, ka koma rijiya. Na'urar ta saita kanta a kan hula ɗaya tak a duniya, sauranmu 'yan rakiya ne.

Wuta dai ta bi motar ƙarshe ta ayari, tukwanen furanni ma haka. Da yamma na tayar da ɗan janaretona, na jawo Baba ya zauna, na kamo labarai. Sai ga layinmu a talabijin, fari fat, har ban gane shi ba. Tafi ya ɓarke daga lasifikokin baya, Baba ya waiga a firgice yana neman waɗanda suka shigo gidan ɗansa ba sallama. Sannan muryar Mai Girma ta fito daga ta tsakiya, yana cewa tun da suka hau mulki wannan unguwa ba ta san duhu ba, kuma ambaliya ta zama tarihi.

Na ga Baba ya daina motsi. Ya ɗan karkato. Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara. Mai Girma ya ce mutanen unguwar da kansu suka roƙe shi ya huta haka nan, aikin ya isa.

"Ƙarya kake!" Baba ya miƙe tsaye, yatsa a gaba. "Wa ya roƙe ka? Ni? Bara a kan tebur na kwana da takalmana a hannu! Kai, dube shi, ko kunya babu! 'Yar nan, zo ki ji abin da mutumin nan yake faɗa!"

Matata ta fito da ludayi a hannu, tana dariya tana share ido. Ni kuwa na tsaya ina sauraro, don rabon da in ji muryar nan ta cika falo har na manta. Bai zauna ba sai da ya gama da Mai Girma, ya bi ta kan wanda ya yi jawabin godiya, ya ƙare da mai hasashen yanayi, wanda bai yi masa laifin komai ba. Da aka gama ya gyara hula, yana haki, ya dube ni.

"Gobe ma zai yi magana?"

"Kullum yana yi, Baba."

"To kada wanda ya zauna min a kujera."

Saboda haka, ranku ya daɗe manyanmu, na daɗe a wannan shafi ina roƙonku ku riƙa faɗin gaskiya. Yau na janye. Ku ci gaba yadda kuka saba, don ranar da kuka fara faɗin gaskiya tsohona zai rasa abokin faɗa ya koma ɗaki. Ko da yake hankalina a kwance yake, na san a duk roƙon da na taɓa yi muku wannan ne kaɗai za ku cika.