Maɗacin Minista Fiifi

"Ni in je neman shawara? Ni Fiifi Quansah? Ai ita shawarar ce take zuwa nemana har ɗaki!"

Haka Fiifi ya faɗa da ƙarfi a rumfar mai dokunu, tuwon masarar nan da ake ci da kifi, can bayan sashen nazarin muhalli, bakinsa cike da kifi, yana nuna sabbin ɗalibai da ƙayar kifin. Abokina, da ka ga Fiifi ba sai an gaya maka ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum cikin kwat yake ko da zafin bakin tekun nan ya kai a soya ƙwai a kan kwano. Shi ya raɗa wa kansa suna Minista, domin a cewarsa kujerar ministan muhalli tana can Accra tana jiran ya gama karatu.

A sashen nan kowane ɗalibi yana da malamin da ke ba shi shawara, ya gaya masa darasin da zai ɗauka da sharaɗin da ya rage masa kafin a ba shi digiri. Dakta Araba Eshun ce aka ba wa Fiifi. Mace ce mai sanyin magana, ba ta faɗa ba ta hayaniya, amma ba ta mantuwa. Tun da Fiifi ya shigo jami'a bai taɓa taka ofishinta ba. Ta aika, ta sake aikawa, shiru.

"Me za ta gaya mini?" in ji shi. "Sharuɗɗan digirin nan duk suna cikin kan nan. Ku dai in kuna da tambaya ku zo wurina."

Ekow, abokin ɗakinsa, ya tsame hannu daga kwano ya ce, "To Minista, ina itacenka?"

"Wane itace?"

"Maɗacin da aka ba kowa a shekarar farko mana. Mako mai zuwa za a miƙa."

Fiifi ya ajiye ƙayar da ke hannunsa.

Ka san dokar sashen ce: duk ɗalibin da ya shigo, ana damƙa masa ɗan dashen maɗaci a baƙar leda, ya dasa a layin ajinsu, ya yi renonsa. In ya zo fita sai ya miƙa shi da rai. Babu itace, babu digiri, ko da ka cinye jarrabawa har da takardar. Ranar da ajin su Fiifi suka yi dashe, rana ta yi ƙuna, ƙasar fili kuma kamar siminti. Gogan naka ya ga in ya kama diga kwat ɗinsa za ta jiƙe, sai ya zagaya wani lungu mai laushin ƙasa, ya tura dashen a rami, ya kaɗe hannu, ya dawo ya tsaya a gaban layi aka ɗauki hoto da shi. Daga ranar yake ba da labarin cewa shi ya dasa na farko a layi. Ya faɗa, ya faɗa, har shi kansa ya yarda.

Suka ɗunguma zuwa fili shi da Ekow. Ga itatuwan ajinsu nan reras, kowanne ya fi mutum tsawo. A kan layi kuwa, inda Minista ya ce nasa yake, babu komai sai ciyawa da kashin akuya.

"Ga digirinka nan," in ji Ekow. "Ka ga yadda ya yi ganye?"

Abin tsoron ma ba jami'a ba ce, Maame Efuwa ce, mahaifiyarsa. Shekara huɗu tana tsaye a kan hayaƙi tana kyafa kifi a ƙauyensu na masunta don ya yi karatun nan. Tuni ta sa an buga riguna da hoton fuskarsa, ta sanar a coci, kuma shi da bakinsa ya gayyace ta ranar miƙa itace ta zo ta ga abin da ya kira dajinsa.

Ekow ya ce, "Mutumina, ka je ka ga Dakta. Ko jiya ta aiko."

"Ka ji ka! Ai saboda wannan take nemana, ta ga gurbin. So take in je in durƙusa. Ba a haifi malamar ba."

Dabara ta farko, ya je wurin masu sayar da dashe ya sayo ɗan maɗaci ya kafa a gurbin. Ya ja da baya ya duba. Abin bai kai gwiwarsa ba, ga shi kuma shi ɗin ma ba wani tsawo gare shi ba.

"Sai ka ce mata wada ne," in ji Ekow, "ya gado mai shi."

Ba su gama gardama ba wata akuyar masu gadi ta zo ta raba musu, ta cinye dashen har leda.

Dabara ta biyu, ya zaɓi wani itace mai kyau a tsakiyar layi, ya tsaya a gindinsa yana shafawa yana gaya wa masu wucewa wahalar da ya sha a kansa. Ashe na Ewurabena ne, ita kuwa Ewurabena ita ce ke jifan dalma wa jami'a. Ta zo da bokitin ruwa ta same shi yana rungume da itacenta. Ta ajiye bokitin, ta ɗauki Minista ta ƙugu ta ajiye shi gefe, ta gyara masa kwala, sannan ta ci gaba da ban ruwa.

"Na ƙyale ta ne don mace ce," in ji Fiifi da suka yi nisa.

"Na gani. Ƙafafunka ma a sama suke ƙyale ta."

Dabara ta uku kuwa ita ce Fiifi ya kira ilimi. Yana zagaye yana cizon yatsa, sai ya leƙa bayan ginin sashe, inda wani famfo ke yoyo tun zamanin da. Me zai gani? Wani maɗaci santalele, ya fi duk na layi tsawo da kauri, ganye shar, yana tsaye shi kaɗai babu mai shi.

"Ekow! Zo ka ga ikon Allah! Ga maraya yana neman uba."

"Kai, Fiifi, ka ji tsoron Allah. Itace da saiwa za ka ɗauka?"

"Wa ya ce da saiwa? Yanke shi za mu yi mu kafa. Su malaman nan sama suke kallo, wa zai tona ƙasa?"

Ranar Lahadi da hantsi, duk jami'a ta tafi coci, ana jin ganguna da waƙa ta ko'ina, Minista ya aro zarto. Ekow ya rantse ba zai taɓa ba, amma da itacen ya faɗi ya ga abokinsa na nema ya mutu a ƙarƙashinsa, dole ya kama gefe ɗaya. Suka ja shi har fili, suka haƙa rami, suka kafa, suka danne da duwatsu, suka rufe da ciyawa. Fiifi ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kalli nan. Wasu shekara huɗu suka yi suna jigilar ruwa, ni kafin a tashi daga coci na gama. Wannan shi ake kira kai."

Washegari itacen ya fara sunkuyar da kai. Fiifi ya yi ta kwara masa ruwa, har yayyafi yake yi wa ganyen da baki. Kafin ranar miƙawa ganyen ya yi laushi kamar dafaffen alayyahu, wasu sun fara zuba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce irin na musamman ne, mai barci da rana.

Ranar ta zo. Maame Efuwa ta iso tun da safe da ƙannenta mata da rabin 'yan cocinsu, kowa sanye da fuskar Fiifi a ƙirji. Dakta Araba ta fito da lema, ta fara daga ƙarshen layi, tana duba kowane itace tana yi wa mai shi barka. Da gangan ta bar na Minista a ƙarshe.

"Mista Quansah," in ji ta. "Yau dai Allah ya yi mun gana."

"Dakta, aiki ne ya yi yawa. Kin ga renon itace irin wannan ba wasa ba ne."

"Na gani. Ya aka yi yake zubar da ganye ana tsakiyar damina?"

"Sauyin yanayi ne, Dakta. Abin da nake ta faɗa wa duniya ke nan."

"Allah sarki. To zo in nuna maka wani sauyin yanayin."

Ta juya ta nufi bayan ginin sashe, jama'a suka bi ta, Maame a gaba. Ba a sha wahalar hanya ba, domin jan da aka yi wa itacen ya bar sawu a ƙasa tun daga fili har gindin famfo. Ga kututture nan fari tas, ga garin zarto.

Dakta ta nuna wata taga da lemarta. "Wancan ofishina ne. Ranar Litinin na shigo na ji rana ta dake ni a fuska, abin da na manta rabona da shi. Ka san wanda ya dasa itacen da ke nan?"

"Wani ɓatagari ne, Dakta, wanda bai san layi ba."

"Gaskiyarka. Ina tsaye a tagar nan na gan shi, cikin kwat, ya tura dashen a rami da ƙafa ya gudu wurin hoto. Famfon nan ya rena masa shi. Da idona nake kallonsa yana girma, har ya fi na kowa a ajinku. Abin da ya sa nake ta aika maka ke nan, in gaya maka sharaɗinka ya cika, kuma sashe ya zaɓi itacenka za a ba ka kyauta yau."

Fiifi ya dubi kututturen, ya dubi Ekow. Ekow ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Dakta," in ji Minista da wata 'yar murya, "ai... ai har yanzu nawa ne. Matsar da shi kawai na yi."

Kamar jira ake, iskar teku ta taso. Daga fili aka ji wani ƙara, ƙiiii, sannan rim! Akuyar masu gadi ta fito a guje.

"Ya sake matsawa," in ji Dakta.

Ta sa aka kawo sabon dashe a baƙar leda ta damƙa masa. Zai dasa tare da sabbin ɗalibai, waɗanda yake yi wa lacca a rumfar dokunu, in dashen ya ga damina da rani da rai, baɗi sai a yi maganar digiri. Kuma kowane wata zai zo ofishinta.

Fiifi ya tsaya rungume da leda, ƙasa na zuba a kan kwat, ya kasa ɗaga ido ya dubi uwarsa. Tsakani da Allah ya ba ni tausayi. Maame Efuwa ta dubi fuskar da ke ƙirjinta, ta dubi ta gabanta, ta gyara ɗaurin zane, sannan ta matsa kusa da Dakta cikin ladabi.

"'Yata, wancan da ya faɗi, nasa ne ko?"

"Nasa ne, Maame, halak malak."

"To madalla. Fiifi, ajiye ledar nan ka je ka faskara mini shi. Shekara huɗu ina kyafa kifi ina aiko wa digirin nan, yau shi ma zai kyafa mini."