Murfin Biro a Bakin Caja

Ko zan manta da komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar 2019 ba. Lokacin ina aiki a wani garejin sayar da motocin hannu a Ras Al Khor, kuma 'yan uwanmu 'yan kasuwa suna kirana Injiniya (tattalin arziki na karanta, sau ɗaya na gyara wa wani saitin waya sunan ya bi ni, ni kuma ban musa ba).

A makon ne Alhaji Mudi ya sauka daga Kano. Dillalin motoci ne babba, abokin kawuna, kuma yana neman wakili a Dubai wanda zai riƙa zaɓo masa mota yana lodawa a kwantena. Kawu ya ba shi sunana. Wakilcin nan shi ne zai fitar da ni daga aikin albashi, don haka na ƙudura sai na burge shi ko ta halin ƙaƙa.

Akwai wata mota 'yar Japan mai amfani da lantarki da ta yi wata biyu a garejinmu ba wanda ya taya. Ita na wanke na je Al Buteen na ɗauko shi daga masauki. Tun daga bakin otal na buɗe masa karatu. Na ce Japan su ne kan gaba a harkar, tun kafin Turawa su farka suka ƙera tasu motar da nasu tsarin caji. Na ce masana'antunsu ba sa yin abu sai sun yi lissafin duniya baki ɗaya, kayan Japan duk inda ka kai shi zai zauna daram. Rabin maganar a bidiyo na ji ta, sauran rabin a nan cikin motar na ƙirƙira.

Alhaji ya leƙa allon gabanmu ya ce, "Injiniya, wannan jan abin da ke ƙiftawa fa?"

"Caji ne ya yi ƙasa, Alhaji. Shwayya, ɗan kaɗan kawai. Yanzu za ka ga ikon Allah."

"Ka saba yi mata ke nan?"

"Kullum," na ce. (A garejin wani Bafakistane ne yake jona ta, ban taɓa ko tsayawa kallo ba.)

Na san wani benen ofisoshi a unguwar Port Saeed mai na'urar caji a wurin ajiye motoci, can na nufa. Mai gadin wurin, wani dogon baƙin mutum, ya taso yana ɗaga mana hannu. Na ce wa Alhaji da Hausa, "Rabu da shi, waɗannan ban da busa usur ba abin da suka sani."

Na buɗe murfin da ke hancin motar, na janyo wayar da ke jikin na'urar, na kai. Ta ƙi shiga. Na juya ta, ta ƙi. Na gwada ɗaya ramin, wanda ya fi girma, nan ma ko kusa. Gumi ya fara bin bayana, ga Alhaji tsaye ya harɗe hannu a baya kamar mai duba gini.

To duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san maganin soket mai taurin kai. Idan filogi mai ƙafa biyu ya ƙi shiga, murfin biro ake tura wa ramin sama, sai na ƙasa su buɗe. Shekara talatin wannan ilimi bai taɓa ba ni kunya ba. Na zaro biro daga aljihu, na cire murfin, na durƙusa da farar shaddata, na fara lalubar wane rami ne na sama a cikin ramukan.

"Patron! Don Allah tsaya, kar ka kashe kanka a bakin aikina."

Da Hausa. Hausar Damagaram tsantsa. Mai gadin ne.

Ya karɓi wayar daga hannuna a hankali, ya nuna wa Alhaji kanta, ba ni ba. "Alhaji, duba nan. Wannan rami bakwai gare ta, tsarin Turai ce. Motarku biyar take so. Babban ramin kuma na caji mai sauri ne irin na Japan, ba ko'ina ake samunsa ba. Su Japan sun yi nasu tun da wuri, sauran duniya kuma ta bi wata hanya. Sai da adafta, voilà." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ban da busa usur, ina ɗan kallon masu motocin."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe da murfin biro a hannu ba. Kunya ta hana ni ko miƙewa. Motar jan ta aka yi zuwa gareji, mu kuma muka hau tasi.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa masauki ya ce, "Ɗana, rashin sanin caja ba laifi ba ne, ni ma yau na fara ganinta. Amma na tambaye ka, ka ce kullum. Ina Kano kana nan, idan ka ce min injin mota lafiya yake, da me zan gane wane irin kullum ne?"

Wakilcin wani yaron Katsina aka ba, kuma na ji yana riƙe da shi har yau. Ni na ƙara shekara biyu a garejin. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: yanzu na iya cewa "ban sani ba" da Hausa da Turanci da Larabci, kuma ina faɗa tun kafin in durƙusa.