Balangun Juma'ar Karem

Laifina ɗaya ne, kuma ɗan ƙarami: ban duba kalanda ba.

A paruwas ɗinmu na Agadas, wato yankin cocinmu na Katolika, Kiristocin kowace unguwa kan taru addu'a gida-gida. Ran nan zagaye ya iso gidanmu, kuma Mompera, limamin cocinmu, da kansa zai zo, karo na farko. Inna ta share tsakar gida har ƙasa ta nemi gafara, sannan ta aike ni in samo abin taɓa baki, kada ta ji kunya.

Na ce yau sai an san gidanmu. Na zarce rumfar Malam Illa mahauci, na ce ya cika faranti da balangu.

Ya dube ni. "Kai, ba azuminku na Karem kuke ba? Yau Juma'a, ai ba ku cin nama."

"Haba Malam, kai za ka koya mini addinina?"

Ana tsakar karanta yadda Yesu ya yi kwana arba'in da yunwa a hamada, na shigo da faranti a ka, ƙamshi na gaba ina biye. Tsohuwa Madam Rozali ta yi alamar gicciye. Mai karatu ya haɗiyi yawu har maƙwabta suka ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mompera ya ce, "Ɗana, Shaiɗan ma da ya jarabci Yesu, a kan burodi ya tsaya."

Ruwa suka sha, suka watse. Naman aka raba wa maƙwabta, har da Malam Illa. Har yau in na wuce rumfarsa sai ya ɗaga wuƙa: "Limamin Karem, a yanko?"