Hular Gulma

"To, ya ƙafar? Ta kwana tare da ke, ko ta riga ki tafiya?"

"Ta kwana lafiya, ɗan baƙin ciki. Da ita zan yi rawa ranar da aka rufe shirmen nan naku."

Da wannan gaisuwar ranar ta fara. Ina zaune a teburin cin abinci ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina. Ƙofar ɗakin mahaifiyata a buɗe take, ɗana yana durƙushe a bakinta, gwiwa ɗaya a ƙasa saboda ladabi, waya a hannu saboda rashinsa. Ita ce rana ta ƙarshe da muka yi cikakku a gidan, shi ya sa na riƙe duk abin da aka faɗa a cikinta.

A makon ne gwamnati ta ce za ta rufe wata manhajar bidiyo ta kamfanin ƙetare saboda tsaron ƙasa. Ɗana yana jami'a, kuma yana da 'yan kallo da yawa a manhajar, ba don wata bajinta tasa ba. Kakarsa suke zuwa ji. Yakan kafa wayar tana kallon fuskarsa ya tsokane ta, ita kuma ta rama daga bayan labule. Muryarta ta sha shiga, silifas ɗinta ma ya sha giftawa a guje, amma fuskarta ba ta taɓa fitowa ba. Abin da yake nema kafin a rufe ke nan: su fito tare, ko da sau ɗaya.

Mahaifiyata ta yi aikinta duka a ofishin tarho, zamanin da sai wani ya zauna ya haɗa kira da hannu. Shi ya sa yake kiranta Halo, ita kuma tana kiransa Maigida. Har yanzu tana ajiye da na'urar da take sawa a kunne lokacin aiki, mai ƙarfe bisa ka da ɗan makirufo a gaban baki. Shi hular gulma yake kiran na'urar, kuma tun yana ƙarami yake cewa gadonsa ce.

"Maigida, batirin rediyona ya mutu. Tashi ka sayo."

"Allah ya jiƙansa. Ya riga wasu."

"In ka gama ta'aziyyar ka tashi. So nake in ji da kunnena lokacin da za su ce an rufe."

"Wato ni zan sayo wuƙar da za a yanka ni da ita. To, akwai ladan aike. Ki ɗaga labulen nan ki zauna kusa da mijinki, duniya ta ga abin da nake fama da shi."

"Fuskata ta je ƙetare? Su ajiye ta a rumbunsu?"

"Su yi me da ita, Halo? Su kori tsuntsaye a gona?"

"Fuskar da kakanka ya yi shekara biyu yana kiran lambar da babu ita, don kawai ya ji na ce masa babu ita?"

"Ai murya ya ji. Ranar da ya ga fuskar an riga an ɗaura."

Silifas ya fito ta ƙasan labule. Ya kauce, ya ɗauko shi, ya mayar mata da hannu biyu.

Da hantsi bai tafi ba. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar, ya ce sai ta yi masa bayanin yadda rawarsa ke barazana ga ƙasa.

"Rawarka barazana ce ga zuri'a, wannan daban. Ni dai na zauna a kan layi, na san abu guda: duk mai riƙe da waya yana saurare."

"Kin saurara ke nan."

"Na tabbatar layi yana da kyau."

"Tun daga sallama har sai an ajiye?"

"Layi yakan lalace a tsakiya."

"Baba, ka shaida," ya ce da ni. "Ga babbar barazana ga tsaron ƙasa a gidanka, tana shan shayi da sukari uku, gwamnati na can tana neman kamfani."

Na ce ina aiki.

"Ni ta gida ce," in ji ta. "Abin da na ji bai ƙetare teku ba."

"Ina ma ya ƙetare. Mutumin ƙetare bai san kawu mai shagon taya ba. Ke kin san shi, kin san matarsa, kin san wadda yake kira in matar ta tafi unguwa."

"Ban gaya wa kowa ba."

"To ni a ina na ji?"

"Kai ba kowa ba ne. Kai ba komai ba ne ma."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Sannan ya fara lissafo mata kayan ɗakinta: rediyon, tabaraun, ƙwayoyin hawan jini, fankar da ke kanta. Ya ce duk daga ƙetare suka zo, a kama su a yi musu tambayoyi.

"Rediyona ba ya kallona."

"Sauran manhajojin fa, waɗanda ba a rufe ba? Su ƙanin babansu ne ya ƙera su? Kuma masu turo miki saƙon maganin gwiwa kullum, wa ya ba su lambarki? Jirgin leƙen asiri, ko mai kemis na kan kwana?"

"Mai kemis ɗan mutunci ne."

"Ɗan mutunci ne mai sayar da lamba. A rufe shi."

Daga nan muryarta ta canza, ta koma irin wadda take yi mini magana da ita ina yaro.

"Kai sirrinka kake tunani, kuma ba ka da shi. Ba nan abin yake ba. Lokacin da nake kan layi, in fitila biyar ta kama, ni nake zaɓen wanda zan haɗa da wanda zan bari yana jira. Wanda ya gaishe ni da kyau ya samu, mai gadara ya ji layi a cike. Ba wanda ya taɓa sanin zaɓa na yi. To su ma haka suke zaɓar muku abin da za ku gani tun safe har dare, ku kuna zaton ku kuka nema. Ranar da rigima ta tashi, wa ka ga za su haɗa, wa za su bari yana jira?"

Na ɗaga kai daga takarduna.

"Wannan maganar tana da nauyi," ya ce. "Wa ya ara miki?"

"Fita daga gidan ɗana."

"Amma kin ga, in an rufe wannan, wani zai zauna a kujerar. Na gida. Mai irin halinki. Ya bar mu muna jira saboda ba mu gaishe shi da kyau ba."

"Sai ku koyi gaisuwa."

"Kuma ranar da aka rufe, kafin ki gama rawar, yaran unguwar nan sun shiga ta ƙofar baya. Har 'ya'yan waɗanda suka sa hannu a dokar."

"Ɓarawo yana haura katanga, sai a daina gina katanga?"

"A'a, sai a daina gina ta a gefe ɗaya kawai a kira 'yan jarida."

Bayan azahar ta gaji da shirun rediyon. Ta ce ya je ya sayo, in ya dawo za ta duba lamarinsa. Ya tambaya ko alkawari ne. Ta ce ita matar aure ce, ba ta yi wa mijinta ƙarya sai da dalili.

Ya dawo da batirin, ya sa mata da kansa, ya murɗa har tashar ta fito tas. Sannan ya kafa wayar a kan kujera ya gyara wuyan riga.

"Bismilla, amarya."

"Gobe."

"Halo!"

"Na ce zan duba, na duba. Yau ban yi kitso ba."

"Gashin nawa ne duka? Kawo in kitsa miki da yatsa biyu."

"Gobe, Maigida. Layi a cike yake, a sake kira."

Sai ya ce to, zai yi shi kaɗai, kuma zai bar mata fili. Ya matsa gefe guda, ya kunna ɗauka, ya riƙa yin tambaya yana yin shiru yana jiran amsa daga bayan labule. Ita kuwa, don ta ɓata masa, a karon farko ta ƙi cewa uffan. Ina ganin labulen yana motsi, dariya take dannewa. Haka ya ɗora bidiyon da la'asar, da ramukan shiru a cikinsa. Da magariba ya kai mata shayi, ta ce sukarin bai ji ba, ya ce likita ne ya fi shi sonta.

Washegari da safe, a hanyarsa ta zuwa makaranta, wata motar kaya ta ƙwace wa direbanta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Mun rufe shi kafin su rufe manhajar.

Mahaifiyarsa ba ta iya shiga ɗakinsa ba, don haka ni da ƙanwarsa, autarmu, muka raba kayan. Tufafin suka tafi wurin 'ya'yan ƙannena. Littattafan, abokan karatunsa suka zo suka kwasa. Takalmansa sun yi wa kowa yawa, sai wani dogo a ajinsu ya karɓa yana ba da haƙuri kamar ya yi laifi. Wayar ba ta fashe ba, tana cikin jakarsa tsakanin littattafai. Ina riƙe da ita a falo ban san inda zan kai ta ba, sai na ji murya daga bayan labule. Tun ranar ba ta yi magana mai tsawo ba, rediyon ma ba ta kunna ba.

"Wannan tawa ce. Matarsa ce ni, ina da gado."

Ranar da za a rufe manhajar, da la'asar, ta kira auta ta ce ta kunna mata na ƙarshen. Ta kalla har ƙarshe. Auta ta gaya mata, a hankali, cewa manhajar tana bari mutum ya ɗauki nasa bidiyon a gefen na wani, fuska kusa da fuska, kamar suna zaune tare.

Mahaifiyata ta ce a ɗaga labulen. Ta ce a miƙo mata hular gulma daga cikin durowa. Ta sa ta a kan ɗankwalinta, ta gyara makirufon daidai bakinta, ta miƙe bayanta yadda na san ta a hotunan aiki. Ba ta yi kitson ba.

Auta ta danna. Fuskarsa ta fito a dama, tata a hagu.

"Halo, Halo, kina jina?" ya ce, ya yi shiru.

"Ina jinka. Layi a buɗe yake."

"Tsakani da Allah, wa ya fi hatsari ga ƙasar nan, kamfanin ƙetare ko ke?"

"Su," ta ce. "Amma da kaɗan."

"In kin mutu, wa zai gaji hular gulma?"

A nan ya bar fili mai tsawo, yana kallon gefe da murmushi, gefen da yanzu take. Ta kusa cinye filin duka kafin ta amsa.

"Kai. Dama kai ne. Mara kunya, ka ƙi jira."

"Shiru kake ji," ya ce wa 'yan kallonsa. "An ci ta."

"An ci ni," ta ce, sai ta yi dariya, ta gaske, wadda ke sa ta tari. "Ga fuskar. Ka huta."

Auta ta share idonta da bayan hannu, ta tambaya ko a ɗora.

"Fuskarki za ta je ƙetare, Kaka."

"Ta je. Suna da gonaki, ai."

"Wato kin canza ra'ayi?"

"Wa ya gaya miki? A rufe. Amma ki sauke mana namu tukuna, duka, kada ki bar musu ko tarinsa."

Auta ta sauke su. An rufe manhajar a daren. Abokan aikina sun yi ta tambayata ko ƙasa ta fi tsaro yanzu. Na karanta hujjojin ɓangarorin biyu, ban sami wadda ta wuce abin da aka faɗa a bakin labulen nan ba, don haka nakan ce ban sani ba.

Wayar tana cikin durowarta, inda hular take a da, kuma ita ke tuna mana a yi mata caji. Hular kuwa, da kanta ta taka da ƙafar nan mai ciwo har ɗakinsa, ta rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, inda yake rataye jakarsa. Na ce ta bari in yi mata, ta ce tsakanin mata da miji ne.