Ranar da Aka Nome Gona Aka Bar Ni a Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na je gayya gonar surukina, tun bai zama surukin nawa ba. A Gozaki ne, zamanin da in za ka gona sai ka tambaya ko an ji motsin mahara daga Maraɗi.

Ni dai tun ina yaro maganina guda ɗaya ne: barci. Ciwon kai, murɗar ciki, harbin kunama, duk amsata ɗaya ce, bari in ɗan kwanta zai sake ni. Kuma yana sakin nawa. (Innata takan ce ciwon ne ke gajiya da jira ya tafi.)

Tabawa nake nema, 'yar Malam Barmo. Mu biyu ne a ƙofar, ni da wani ƙato wai shi Jatau. Sai Malam ya kira gayyar noman dawarsa, kowa kuma ya san ba ciyawa kaɗai zai duba ba. Ni da rawar kai, tun ana jibi na kai wa makaɗin gangar noma zakara, na ce in ya ga na shiga gaba ya riƙa kirana "Bijimi mai kwana tsaye." Ni na zaɓi kirarin nan da bakina, ba wanda ya sa ni.

Ranar gayya na tashi da zazzaɓi. Na ɓoye ciwon, na ɗauki hauya. Da farko na yi abin kirki, har na wuce Jatau, ganga na kirana. Hantsi na yi sai na ga dawa tana juyawa. Na ce wa abokina Tanko zan zaga. Na lallaɓa can ƙarshen gona, gindin wata ɗorawa inda ciyawa ta yi tsawo, na lissafa cewa kafin jerin samari ya iso nan na warware na koma. Na yi matashin kai da ƙotar hauya.

Sauran labarin a bakin Tanko na ji shi. Wai da suka iso kaina ya ɗaga ƙafa zai taɓa ni, sai Malam Barmo ya ce, "Kul! Ƙyale bawan Allah. Ku nome ku zagaye shi."

Suka nome suka zagaye ni. Makaɗi kuwa, mutum mai riƙon amana, ya ci zakara dole ya yi aiki. Ya zo ya tsaya daidai kunnena yana dukan ganga yana "Bijimi mai kwana tsaye!" Wai har na gyara kwanciya.

Da na buɗe ido, abin da na fara lura shi ne jikina garau. Zazzaɓi ya tafi. Har na yi hamdala, na yi miƙa mai sauti. Sannan na ga gona ta yi fes ta kowace kusurwa, sai ɗan tsibirin ciyawa daidai tsawona, ni a kai. Kuma inuwar ɗorawar nan ita kaɗai ce inuwa a gonar, don haka nan aka sauke abinci. Duk gayya na zaune kewaye da ni ana shan fura. Tabawa ce ke rabawa.

Ta miƙo mini ludayi ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Sannu da aiki."

Wallahi na so mahara su ɓullo a lokacin, ko kowa ya watse. Na durƙusa na ce, "Baba, zazzaɓi ne."

Sai Malam ya juya wajen wani ƙanensa da ke gefe. "Ka tambaye shi, ya sauka?"

Na ce ya sauka.

"To madalla. Wannan ciyawar rabonsa ce, kada kowa ya taɓa."

Na nome ta ni kaɗai, suna kallo, makaɗi na raka ni da ganga.

Na koma gida na sallama Tabawa a raina, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina sonta. Na kwanta, karo na farko barci ya ƙi zuwa. Bayan kaka sai ga aike wai a turo magabatana. Baffana ya kasa haƙuri ya tambayi dalili. Malam ya ce, "Na san 'yata. Jatau mai zuciya ne, ba za su kai baɗi ba. Wanda ganga ba ta tayar ba, faɗan Tabawa ba zai kore shi ba."

Ya yi gaskiya, ga mu har da jikoki. Har gobe ina nan kan bakana cewa barci magani ne, sai dai ka duba inda za ka sha shi, kada ya zama inuwar da za a ci abinci. Kuma akwai abin da ba ya warkarwa. Kullum sai na kwanta tun daga ranar, amma in Tabawa ta tashe ni da safe ta ce "Sannu da aiki," sabo nake jin abin.